Tambaya da Amsa: Dokokin Hayaƙin Mota da Yadda Suka Sauya Masana'antar Ƙera Motoci

Wasiƙu da dama daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan batu guda, wato dokokin da gwamnatoci ke kafawa domin ƙayyade yawan gubar da mota za ta fitar ta salansa, da kuma abin da waɗannan dokoki suka jawo wa kamfanonin da ke ƙera motocin. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direba ne, kuma nakan ga an rubuta Euro 4 ko Euro 6 a takardun wasu motoci. Me hakan ke nufi? Sannan idan mota ba ta fitar da baƙin hayaƙi, ai ba ta cutar da kowa, ko ba haka ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Zan fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mafi yawan abin da ke cutarwa a cikin hayaƙin mota ido ba ya ganinsa. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana hana jini ɗaukar iskar oksijin. Akwai ragowar man da bai ƙone ba. Akwai naitirojin oksaid, wanda ke samuwa idan zafin cikin inji ya yi tsanani har naitirojin da oksijin ɗin da ke cikin iska suka haɗu, kuma shi ne ke ƙona hanyoyin numfashi yana tayar wa masu ciwon asma. Na huɗu shi ne ɓurɓushin kunkunniya, wanda manyansa ne kawai kake gani a matsayin baƙin hayaƙi, alhali ƙananan, waɗanda suka fi haɗari, suna ratsawa har can cikin huhu. A shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan Adam ciwon daji.

Asalin dokokin daga birnin Los Angeles na Amurka ne. Tun daga shekarar 1943 wani hazo mai yaji ya riƙa rufe birnin, yana sa idanu hawaye, mutane kuma suka ɗora laifin a kan masana'antu. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hasken rana ne ke dafa ragowar mai da naitirojin oksaid su zama wannan hazo, kuma motoci ne babban tushensu. Jihar Kalifoniya ce ta fara ƙayyade abin da zai fito ta salansa, a kan motocin shekarar 1966, sauran duniya kuma ta biyo baya a hankali.

Lambobin da kake gani matakai ne na dokar Tarayyar Turai. Euro 1 ya fara aiki a 1992, Euro 2 a 1996, Euro 3 a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, sai Euro 6 a 2014, kuma kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi tsanani. Ka dubi ƙaramar motar dizal: a ƙarƙashin Euro 3 an yarda ta fitar da miligiram 500 na naitirojin oksaid a kowace kilomita, Euro 4 ya mayar da shi 250, Euro 5 ya sauke shi zuwa 180, Euro 6 kuma ya tsayar da shi a 80. Kunkunniya kuwa daga miligiram 140 a Euro 1 ta koma 5 kacal a Euro 5. Kafin a ba kamfani izinin sayar da sabon samfuri, sai an ɗora motar a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa a ɗakin gwaji, a tuƙa ta bisa wani tsari da aka shata, a tara abin da ya fito ta salansa a auna. Saboda haka lambar tana gaya maka matakin da motar ta cika ne ranar da ta bar masana'anta. Halin da take ciki yau ya danganta da man da take sha da kulawar da take samu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin tattalin arziki. Na karanta cewa duk lokacin da aka tsananta dokar hayaƙi sai kamfanoni su ce za ta durƙusar da su. Shin gaskiya suke faɗa, ko kuwa kukan neman sassauci ne?

AMSA: Malama, tarihi ya riga ya ba da rabin amsar, kuma ya kamata ki riƙe shekarar 1970 da kyau. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta, ta kuma umarci a rage kabon monoksaid da ragowar mai da kashi 90 cikin ɗari kafin motocin 1975, naitirojin oksaid kuma kafin na 1976. Manyan kamfanonin motocin Amurka da ke birnin Detroit sun dage cewa babu fasahar da za ta iya cika wannan sharaɗi a kan lokaci, kuma sun samu an ɗage wa'adin fiye da sau ɗaya. Ana cikin wannan ja-in-ja sai kamfanin Honda na Japan, wanda a lokacin an fi saninsa da babura, ya fito da injin CVCC a 1972, injin da ya cika sharaɗin 1975 ta hanyar gyara yadda mai ke ƙonewa a cikinsa. Wannan nasara tana cikin abubuwan da suka buɗe wa motocin Japan kasuwar Amurka.

Sai dai ba zan ce kukan kamfanonin ƙarya ne tsagwaronta ba. Motocin Amurka na tsakiyar shekarun 1970 sun rasa ƙarfi ƙwarai, wasunsu suna wahalar tashi, domin an yi ta ɗaura wa tsofaffin injuna na'urori cikin gaggawa ba tare da an sake tunanin injin daga tushe ba. Mai saye ya biya kuɗi mafi yawa, ya karɓi motar da ba ta kai ta da daɗin tuƙi ba, kuma an shafe shekaru kafin a fita daga wannan hali.

Abin da ya fitar da su shi ne na'urar katalis, wadda ta zama ruwan dare a motocin Amurka daga 1975. Gwangwani ne da ake sakawa a kan bututun hayaƙi, a cikinsa akwai wani tubali mai ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu daraja, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ramukan, ƙarafan suna juya gubar ta koma tururin ruwa da naitirojin da kabon dayoksaid. A 1976 kamfanin Volvo ya fito da nau'in da ke maganin guba uku a lokaci guda, tare da wata 'yar na'ura ta kamfanin Bosch mai auna oksijin a cikin hayaƙi. A nan ne babban sauyin ya faru, domin wannan katalis ba ya aiki sai an riƙe awon iska da fetur daidai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, kafireta kuwa ba ta iya riƙe awo da irin wannan tsantseni. Dole aka koma ga injekta da ƙaramar kwamfuta mai sarrafa inji, har zuwa farkon shekarun 1990 kafireta ta kusan ɓacewa daga sababbin motoci a Amurka da Turai. Motar da kike gani yau, mai tashi da murɗa makulli sau ɗaya, mai ƙarfi fiye da ta da, kuma mai shan mai kaɗan, dokar hayaƙi tana da babban hannu wajen haihuwarta. Kuɗin ma ba ɓacewa suka yi ba, hannu suka sauya: kamfanonin sassan mota irin su Bosch da Denso sun bunƙasa, haka ma masu haƙar waɗannan ƙarafa a Afirka ta Kudu da Rasha.

Akwai wata riba da nake ganin ta fi duk sauran, ko da yake ta bayan gida ta shigo. Tun shekarun 1920 ake zuba sinadarin dalma a cikin fetur domin hana inji ƙwanƙwasa, dalma kuwa guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Da katalis ya zo, sai aka ga dalma tana kashe shi cikin ɗan lokaci, don haka tilas aka samar da fetur marar dalma a gidajen mai. Amurka ta haramta mai dalmar ga motoci gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai a 2000, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021. A ganina, idan za ki auna tsadar waɗannan dokoki a nazarinki, adalci shi ne ki ɗora lafiyar waɗannan yara a ɗaya ɓangaren sikelin.

TAMBAYA: Malam, me ya faru ne tsakanin kamfanin Volkswagen da hukumomin Amurka? Na ji an ce shi ne ya karya kasuwar motocin dizal a Turai.

AMSA: Ɗan'uwa, sai an fahimci matsalar injin dizal kafin a fahimci wannan badaƙala. Injin dizal yana shan mai kaɗan saboda yana aiki da iska mai yawa da matsi mai ƙarfi, amma wannan yanayin ne kuma ke haifar da naitirojin oksaid, sannan yawan oksijin da ke cikin hayaƙinsa yana hana katalis irin na motar fetur maganin wannan guba. Mafita mai inganci ita ce a fesa ruwan yuriya, wanda ake sayarwa da sunan AdBlue, a cikin bututun hayaƙi, sai dai hakan na bukatar tanki da famfo da ƙarin na'urori, duk kuwa kuɗi ne da wuri a jikin mota. Ƙasashen Turai da yawa sun daɗe suna fifita dizal ta hanyar sassauta masa haraji, har ya kai kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a nahiyar a 2015 na dizal ne. Volkswagen ya so ya kai wannan kasuwa Amurka, inda ƙa'idar naitirojin oksaid ta fi ta Turai tsauri.

Wata ƙungiya mai bincike kan tsabtar sufuri, ICCT, ta ɗauki nauyin masu bincike na Jami'ar West Virginia, suka ɗaura na'urar awo a jikin motoci, suka hau titi da su maimakon ɗakin gwaji. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna tazara mai girma tsakanin abin da ke takarda da abin da ke fita ta salansa. Ranar 18 ga Satumba, 2015, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an saka wata manhaja a kwamfutar motocin wadda ke gane lokacin da ake gwaji, ta la'akari da abubuwa kamar gudun motar da rashin motsin sitiyari, sai ta kunna dukkan na'urorin tsabtace hayaƙi, idan kuma an koma titi ta sassauta su, har gubar takan ninka abin da doka ta yarda da shi sau 40. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya, shugabansa Martin Winterkorn ya yi murabus cikin kwanaki kaɗan, tara da diyya da kuɗin gyara kuma sun haura yuro biliyan 30.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne abin da aka gano daga baya. Da aka auna motocin dizal na wasu kamfanoni a kan titi, da yawansu sun zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba, galibi ta hanyar fakewa da giɓin da ke cikin dokar kanta. Tsohon gwajin Turai tuƙi ne mai laushi, ba hawan tudu, ba taka totur da ƙarfi, kuma kowa ya san tsarinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, saboda haka injiniyoyi suka koma ƙera mota domin cin jarrabawa. Ruwa ba ya tsami banza: hukumar da ta bar gwaji irin wannan shekara da shekaru tana da nata kason na laifi. Daga Satumban 2017 Turai ta kawo sabon gwaji mai suna WLTP, ta kuma wajabta auna hayaƙi a kan titi na gaske. Sababbin motocin dizal sun tsabtata ƙwarai bayan haka, amma sun ƙara tsada, amana kuma ta riga ta zube, ga birane irin su Landan da suka fara cajin tsofaffin motoci kuɗin shiga. A 2023 kason dizal a sababbin motocin Tarayyar Turai ya faɗo ƙasa da kashi 14 cikin ɗari, motocin lantarki zalla kuma suka wuce shi.

TAMBAYA: Malam, motata ta rage jan hanya, makanike ya ce katalis ne ya toshe, a cire shi a huta. In yarda?

AMSA: Kada ka yarda a cire a bar wurin fayau. Idan ya toshe, a canja shi, amma kafin nan a nemo abin da ya toshe shi, domin katalis ba kasafai yake mutuwa da kansa ba. Yawanci fulogi ne ya lalace ɗanyen mai ya riƙa isa gare shi yana ƙona shi, ko inji yana shan baƙin mai, ko kuma man da ake zubawa yana da farar wuta da yawa. Motar da aka cire wa katalis tana komawa fitar da guba kamar motocin da aka ƙera kafin dokar, kwamfutarta kuma tana samun bayanin da ba daidai ba daga na'urar da ke bayansa, kuma a ƙasashe da dama cire shi laifi ne.

Batun farar wuta ya wuce motarka kai kaɗai, shi ne ginshiƙin dokar baki ɗaya. Na'urorin Euro 5 da Euro 6, musamman matatar kunkunniya ta motar dizal, an ƙera su ne domin man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ne ma'aunin Turai tun 2009. Shi ya sa lokacin da Indiya ta tsallake mataki guda ta koma mataki na shida na dokar hayaƙinta a watan Afrilun 2020, sai da matatun man ƙasar suka gyara aikinsu tukuna, kamfanin Maruti Suzuki kuwa, wanda ya fi kowa sayar da motoci a ƙasar, ya zaɓi daina ƙera na dizal saboda tsadar cika sharaɗin. Wani rahoto na Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mota mai na'urorin zamani idan ta sauka inda man bai dace da ita ba, cikin ɗan lokaci na'urorin za su zama kaya kawai.

TAMBAYA: Malam, idan har katalis ya magance hayaƙi, me ya sa ake matsa wa kamfanoni su koma ƙera motocin lantarki? Kuma me ya sa ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi ke ɓacewa?

AMSA: Domin akwai wata iskar da babu matatar da ke riƙe ta a jikin mota, ita ce kabon dayoksaid, babbar mai haddasa ɗumamar yanayi. Ita ba alamar lalacewar inji ba ce, sakamakon ƙonewar mai ce ko da ya ƙone sarai: kowace lita ta fetur tana ba da kimanin kilo 2.3, ta dizal kuma kimanin 2.6. Hanya ɗaya ce ta rage ta, wato a rage man da ake ƙonawa. Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfanoni matsakaicin giram 130 a kowace kilomita zuwa 2015, sannan giram 95 zuwa 2021, wanda ya yi daidai da shan lita 4.1 na fetur a tafiyar kilomita 100. Ba kowace mota ake aunawa ita kaɗai ba, matsakaicin duk abin da kamfani ya sayar ake dubawa, tarar kuma yuro 95 ce a kan kowane giram da aka zarce, a kan kowace mota. Kamfanin da ya sayar da motoci miliyan ɗaya ya kuma zarce da giram ɗaya tak zai biya yuro miliyan 95. Tun da ana lissafa motar lantarki a matsayin sifili, kowace guda da aka sayar tana janyo matsakaicin ƙasa, kuma wanda bai da isassu yana iya biyan wani kamfani su haɗa lissafi, kamar yadda Fiat Chrysler ya yi da Tesla, mai ƙera motocin lantarki, a 2019. A 2023 Tarayyar ta amince cewa daga 2035 sababbin ƙananan motoci ba za su fitar da wannan iska ko kaɗan ba, ko da yake kamfanoni da wasu gwamnatoci sun ci gaba da neman a sassauta.

Wannan mataki ya bambanta da duk na baya, domin na baya gyaran inji suka nema, wannan kuwa injin kansa yake neman ya kawar. Ƙwarewar fiye da shekara ɗari a kan fistin da bawul da giya ba ta da amfani sosai a motar da batir ne zuciyarta, kuma a fagen batir kamfanonin Sin irin su CATL da BYD ne ke gaba, saboda gwamnatinsu ta daɗe tana tallafa wa wannan fanni. Fargabar ma'aikatan masana'antun injuna a Jamus da sauran wurare fargaba ce ta gaskiya, kuma ban ga dalilin da zai sa mai goyon bayan tsabtar iska ya raina ta ba.

Game da ƙananan motoci, lissafin a fili yake. Kuɗin katalis da matata da na'urorin awo kusan ɗaya ne ko a ƙaramar mota ko a babba, amma ribar da ke kan ƙaramar ba ta da kaurin da za ta haɗiye shi. Ga kuma dokokin kariya daga haɗari da su ma suka ƙara nasu nauyin, ga masu saye da suka karkata ga manyan motoci masu tudu, inda riba ta fi tsoka. A 2023 Ford ya daina ƙera Fiesta, motar da yake yi tun 1976, Volkswagen ma ya dakatar da ƙaramar motarsa Up a shekarar. A Amurka kuwa tsarin dokar shan mai ya sassauta wa mota gwargwadon faɗin ƙasan da ta mamaye, abin da ya ƙara wa kamfanoni kwaɗayin girmama motocinsu. A nan ina ganin masu tsara doka sun yi sakaci, domin dokar da ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya ci gaba da riƙe tsohuwar motarsa mai hayaƙi saboda sabuwa ta fi ƙarfinsa ta rage wa kanta amfani.

Mataki na gaba a Turai, Euro 7, an amince da shi a 2024, kuma an tsara ya fara aiki a kan sababbin samfuran ƙananan motoci a ƙarshen 2026. Bayan doguwar muhawara da kamfanoni, an bar ma'aunin salansar ƙananan motoci kusan yadda yake a Euro 6, amma an shigo da abubuwan da ba a taɓa aunawa ba: ƙurar da birki ke saki, da ɓurɓushin da taya ke zubarwa a kan kwalta, da kuma tsawon lokacin da batir zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu. Waɗannan sharuɗɗa sun hau kan motar lantarki ita ma, duk da cewa ba ta da salansa.